Daga Harafi Zuwa Labari: Yadda Yaro Ke Kama Karatu

Masana harkar ilimi sukan raba iya karatu gida biyu, wato gane sautin da kowane harafi ke wakilta tare da haɗa sautukan su ba da kalma, sai kuma fahimtar abin da kalmomin ke nufi idan sun jeru cikin jimla. Kashi na farko ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin makarantar allo ta daɗe tana fara wa yaro da babbaƙu, wato haruffa tsura ba wasali, sannan ta kai shi farfaru, inda ake ɗora wa haruffan wasula har bakinsa ya saba da haɗa su. Bisa irin wannan tsari na bin sauti daki-daki aka gina shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a firamaren jihohin Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka. Rubutun boko ya dace da wannan hanya, tun da yawancin haruffansa sauti ɗaya kowanne ke ɗauka, ko da yake ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, kuma haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna bukatar malami ya tsaya a kansu sosai.

Kashi na biyu kuwa tun kafin yaro ya taka ƙofar aji yake soma tsiro, a bakin uwa da kaka, cikin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici da waƙoƙin dandali, inda yake tara kalmomi, yake kuma koyon cewa labari yana da mafari da tsakiya da ƙarshe. Wannan ne ya sa yaron da aka fara koya wa karatu da harshen da yake tunani da shi ya fi saurin kamawa, domin da zarar ya haɗa haruffan sai ya ji kalmar da ya riga ya sani, alhali wanda aka jefa cikin Turanci tun ranar farko yakan iya rera shafi guda ba tare da ya san me ya faɗa ba. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta amince da haka a rubuce, sai dai aiwatarwar ta yi ta tangal-tangal.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da yaro zai karanta bayan ya iya. Littattafan farko irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu sun yaye ɗalibai masu yawa, kuma Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937, har yau yana jan hankalin wanda idonsa ya buɗe da karatu. Amma tsakanin waɗannan matakai biyu akwai wawakeken giɓi, domin ƙananan littattafai masu hotuna da gajerun jimloli, waɗanda ɗan shekara 6 ko 7 zai gama a zama ɗaya, sun yi ƙaranci a kasuwa, marubutan Hausa kuwa sun fi karkata ga labaran matasa da manya. Kafin a cike giɓin, iyayen da ba su yi boko ba ma suna da rawar takawa, domin zaunar da yaro ya karanta musu shafi da babbar murya, su kuma su tambaye shi abin da ya faru da dalilinsa, yana horar da kashi biyun a lokaci guda.