Wuƙar Soja Mai Araha: Ina Amfaninta, Ina Iyakarta?



Duk mai yawon kara, daga Badagishiri zuwa Maraɗi, ko daga Damagaram zuwa Maigatari da Mai'aduwa, ya ga yadda masu shimfiɗa suka cika da irin wuƙar nan da ake kira wuƙar soja. Baƙa ce ko koriya, ba ta naɗewa, kubenta na roba ne ko na yadi mai kauri, wata har da haƙoran zarto a bayanta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, shi ya sa yaranmu masu hawa kamyo da shanu suka karɓe ta hannu bibbiyu. Tambayar da ake yawan yi ita ce: shin tana da ƙarko? Ta cancanci kuɗinta?

Amsa a taƙaice: in ka iya zaɓe, wuƙar aiki ce mai kyau, ta yanke igiya, ta feƙe turke, ta sare ƙaya. Amma ba wuƙar yanka ba ce. Wanda ya dogara da ita don yankan gaggawa a hanya, wata rana zai yi asarar sa sukutum.

ASALINTA

Yawancin waɗanda muke gani kwaikwayo ne na wuƙaƙe biyu. Ta farko ita ce Ka-Bar, wadda sojan Amurka suka amince da ita a 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu. Tsawon ƙarfenta inci 7 ne, wato kusan santimita 18, ƙotarta kuwa faya-fayan fata ne aka jera aka matse. Ta biyu ita ce Glock 78 ta ƙasar Ostiriya, mai ƙotar roba, tsawon ƙarfenta santimita 16 da rabi, nauyinta wajen giram 200. Tana da ƙanwa, Glock 81, ita ce mai zarto a baya. Akwai kuma iri na uku, mai ƙota kamar bututu da ake zuba ashana da allura a ciki. Wannan ta yi tashe ne bayan fim ɗin Rambo na 1982.

To, a lura da kyau. An ƙera waɗannan ne don soja, mutumin da zai haƙa rami, ya ɓalle akwatin harsashi, ya sare saiwa. Saboda haka aka yi su da kauri, milimita 4 zuwa 5 a gadon baya. Ba a yi su don fiɗa ko yanka ba. Na asali suna da ƙarfi ƙwarai. Na shimfiɗa kuwa, waɗanda akasari daga Sin ko Pakistan suke fitowa, kama kawai suka ɗauko. Wata ta yi kyau, wata kwalliya ce zalla.

INDA TAKE KARYEWA

Wuƙa ba kasafai take karyewa a tsakiya ba. A wuya take karyewa, wato inda ƙarfe ya shiga ƙota. Wannan wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye cikin ƙota, ita ce ran wuƙa. In ta yi faɗi ta ratsa har gindin ƙota, wuƙa za ta daɗe. In ɗan guntu ne aka liƙa da gam, ko aka yi masa walda da siririn ƙarfe mai noti, to ranar da ka danna ta da ƙarfi, za ka ga ƙota a hannunka, ƙarfe a ƙasa.

Mai ƙotar bututu ita ce ta fi kowace rauni, don ramin da aka bari na ashana shi ne wurin da wutsiya ya kamata ta zauna. Mai araha irin wannan, ko kyauta aka ba ka, kada ka hau kamyo da ita. Ita kanta Ka-Bar ta asali, wutsiyarta siririya ce, an san tana lanƙwasa ko ta karye a wuya in aka mai da ita abin ɓanɓarar katako. Balle kwaikwayonta. Wuƙa ba ƙarfen taya ba ce. Kada a buɗe ƙofar kamyo da ita, kada a kwance noti da tsininta.

MAGANAR ƘARFE

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe mai yin tsatsa. Na Ka-Bar ana kiransa 1095, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari nasa sinadarin gawayi ne. Irin wannan yana ɗaukar kaifi sosai, kuma ko a dutsen bakin rijiya ka wasa shi zai tashi. Danginsa ne sifirin mota da maƙeranmu ke ƙera wuƙa da adda da shi. Sai kuma farin ƙarfe mara tsatsa, wanda aka gauraya da wani sinadari mai suna kuromiyam, wajen kashi 13 cikin ɗari. A jikin masu araha za ka ga an rubuta 420, ko 440, ko 3Cr13. Waɗannan ba sa saurin tsatsa, amma akasarinsu suna da laushi, ba sa riƙe kaifi. Ka yanke igiyar nailan kaɗan, sai ka ji baki ya kwanta.

Amma lamba ba ita ce komai ba. Kowane maƙeri zai gaya maka cewa sirrin wuƙa yana wajen ban ruwa. In ruwa ya yi mata yawa, ta yi tauri kamar kwalba, sai baki ya riƙa ɓantarewa. In bai ishe ta ba, sai ta riƙa lanƙwasa kamar gwangwani. A nan ne masana'antun araha suke yin ha'inci, don ba a ganin ban ruwa da ido, baƙin fenti ya rufe komai.

Sai maganar tsatsa. Wuƙar da ta shekara a Tawa ko Abalak ba ta yi ko ɗigo ba, kwana biyu a Ikko ko Kwatano ya isa ta yi ja, saboda raɓa da iskar teku. Jini da gumi su ma suna cin ƙarfe. A wanke, a goge ta bushe, a shafa man gyaɗa ko kitse. Ban da baƙin mai, tunda wuƙar tana iya taɓa abinci. Kuma kada a bar ta kwana da kwanaki cikin jiƙaƙƙen kuben fata.

GWAJI KAFIN KA BIYA

1. Dubi gindin ƙota. In ka ga ƙarshen ƙarfe ya fito an dakace shi, ko ƙusoshi biyu ko uku sun ratsa ƙota, alama ce mai kyau.

2. In ƙotar roba ce ta rufe komai, sami maganaɗisu na tsohuwar lasifika ka bi jikin ƙota da shi. Inda ya daina kamawa, nan wutsiya ta tsaya. In ba ta wuce rabin ƙota ba, ajiye masa kayarsa.

3. Girgiza ta kusa da kunne. In wani abu yana ƙara, ko ƙarfen da ke tare yatsa yana motsi, tun yanzu ke nan, ina ga ta yi wata shida a hanya.

4. Goga magagari kaɗan kusa da baki, da izinin mai kaya. In ya ci ta kamar sabulu, ba ta sha ruwa ba. In ya riƙa santsi yana ci da ƙyar, ta yi.

5. Tafi da guntun igiyar da kake ɗaure shanu da ita. Yanka sau goma, sannan ka duba ko har yanzu tana ci da ja ɗaya. Mai kayan da ya hana gwaji, ya san abin da ya kasa.

6. Sa ta a kube ka kifa shi. In ta zame ta faɗo, to haka za ta faɗo a tsakiyar shanu, ko ta soki cinyar yaronka lokacin da yake tsallaka sandunan kamyo.

A wajen washi kuma, a yi hankali da injin wuta. In ka ga bakin wuƙa ya koma shuɗi, zafi ya kashe ruwanta, wannan wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Dutse da ruwa da haƙuri sun fi.

RANAR DA SA YA FAƊI

Mu duka mun san abin da ke faruwa a doguwar hanya. An ɗaure ƙahoni a sanduna, direba ya taka birki ko ya faɗa rami, sa ya zame ya kwanta, igiya ta shaƙe shi, ƴan uwansa suna tattaka shi. Jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho sun fi shiga wannan hali. A nan aiki biyu ne ke gaban ɗan rakiya, kuma kowanne da wuƙarsa.

Na farko, yanke igiya nan take. Wannan aikin wuƙar soja ne, tunda ba sai an buɗe ta ba, hannu ɗaya ya isa a zaro ta, kuma ƙarfen nan na wuya yana hana yatsa zamewa kan kaifi. Sai dai a sa bayanta wajen jikin dabba, a yanka zuwa waje. Mai zarto a baya ba ta dace da nan ba, haƙoranta suna kama igiya, suna yaga fata.

Na biyu, in sa ba zai tashi ba, sai yanka kafin rai ya fita. A nan wuƙar soja take ba da kunya. Gajera ce ga wuyan babban Gudali ko Azawak mai fata a zube, ga kauri, ba ta shiga nama sai an yi ta gurzawa. Mun karanta a Risala cewa yanka shi ne a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kuma kada a ɗaga hannu sai an gama. Wanda ya yanke wani sashe, wuƙa ta ƙi ci, ya ɗaga ya koma, malamanmu na Malikiyya suna da magana mai tsanani a kansa, har takan kai a ce ba a cin naman. Hadisi na 17 cikin Arba'una shi ma umarni ne da a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Ke nan dakusasshiyar wuƙa laifi biyu take jawowa: azabtar da dabba, da jefa dukiya cikin shubuha. San da aka yanka daidai, mahautan gari na gaba za su saya, ko da an karya kuɗi. Mushe kuwa sai dai a ja shi daji.

Saboda haka kowane kamyo ya tashi da wuƙar yanka ta musamman, doguwa, marar kauri, irin ta mahauta, a wase, a naɗe, a ajiye inda hannu zai kai da sauri. Kada a yanka igiya da ita, kada a ba kowa aro ya fere rake.

A BAKIN SHINGE

Akwai wani kuɗin da ba a faɗa maka wajen ciniki. Zamani ya canja. Tun 2015 da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, ga kuma ta'asar ƴan bindiga da ɓarayin shanu tsakanin Maraɗi da Katsina da Zamfara, ma'aikatan tsaro ba sa wasa da duk abin da ya yi kama da kayan soja. Jandarma ko ɗan duwan da ya ga wuƙar maƙeri cikin buhun igiya, ya san kayan sana'a ne. Amma baƙar wuƙa mai kube kalar kakin soja, rataye a ƙugun saurayi, tambaya take jawowa. Awa ɗaya da aka tsai da kamyo a rana, shanu ne ke biyanta da jikinsu. In za ka saya, zaɓi marar ado, marar tambarin soja. A ajiye ta cikin akwatin kayan aiki, a ɗaura ta sai an hau bayan mota. In an tambaya, a nuna ta da ladabi, a faɗi aikinta.

LISSAFI

A misali, ka sayi ta jika biyu ta karye cikin wata uku, wani ya sayi ta jika shida ta yi masa shekara biyar. Wa ya sayi mai tsada? Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma ba kowace mai araha ce banza ba, kamar yadda ba kowace mai walƙiya ce ta ƙwarai ba. Mai wutsiya har gindi, mai ruwa daidai, mai kube mai riƙo, ta cancanci kuɗinta ko daga ina ta fito. Kuma kafin ka kai kuɗinka shimfiɗa, leƙa maƙera. Maƙerin garinku zai ƙera maka daidai hannunka da sifirin mota, in ƙota ta tsage ya sake maka, in baki ya mutu ya tashe shi. Mai shimfiɗa kuwa, kasuwa na watsewa shi ke nan.

Shawarata ga iyayen gida masu tura yara kudu: kafin mota ta tashi, yadda kuke duba takardun dabbobi da igiyoyi, ku ce a kawo wuƙaƙen nan biyu ku gani da idonku, ku gwada kaifinsu.

Allah ya tsare hanya, ya kai dukiya lafiya, ya ba mu kasuwa mai albarka. Amin.