Ma'aunin Girma: Daga Taurari Zuwa Kunnen Yaro

Mukan ji a rediyo an ce an yi girgizar ƙasa mai maki 5 ko mai maki 7, sai mu ɗauka tazarar kamar ta tiya biyar da tiya bakwai ce ta gero. Alhali akwai ma'aunan da ba ƙari suke yi ba, ninki suke yi.

Asalin wannan ƙidaya daga taurari yake. Masana falaki na Yunan sun kasa taurarin da ido ke gani daraja shida: mafi haske a ta farko, mafi dushewa a ta shida. Abdurrahman as-Sufi, cikin littafinsa na surorin taurari da ya rubuta wajen shekarar 964, ya sake duba darajojin da idonsa, ya gyara da yawa. A 1856 Norman Pogson, mutumin Ingila, ya ƙayyade cewa tazarar daraja biyar ninki 100 ce na haske. A nan ƙaramin adadi shi ne babba, har tauraron Shi'ira da Zara matar wata suka faɗa ƙasa da sifili.

A 1935 Charles Richter, a Amurka, ya ari wannan tsari domin auna girgizar ƙasa. A ma'aunin da ya gaji nasa, kowane maki ninki 32 ne na ƙarfi, maki biyu kuwa ninki 1000. Ke nan girgizar Turkiyya da Siriya ta 2023, mai maki 7.8, ta ninka ta Agadir a Maroko ta 1960, mai maki 5.8, sau dubu. Duk da haka ta Agadir ta hallaka mutum kimanin 12,000, domin ta tashi dab da gari, ba da zurfi ba, cikin dare. Girman girgiza daban, girman ɓarna daban.

Haka ma sauti, wanda ake aunawa da desibel: ƙarin 10 ninki goma ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba yana jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 kacal. To, mu tuna da wannan idan yaranmu suka zauna gaban lasifikar biki ko gefen injin niƙa, domin jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.