Mai Haɗa Wasa a Ƙasar Noman Rani

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo babbar magudana zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, lissafin kuɗi ya sauya a wannan yanki. A da, manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, wato da kaka. Shi ya sa komai na shagali ake cusa shi a cikin 'yan watannin nan: auren budurwa, dambe, kokawa, da kalankuwar samari da 'yan mata. Makaɗi ma da kaka yake shekara. Yanzu kuwa ana girbe shinkafa bayan damina, a bi ta da alkama da tumatir da albasa da masara a rani. Wanda ya ratsa Kwanar Gafan lokacin da kwandunan tumatir suka cika bakin titin Zariya, manyan motoci na lodi zuwa Kudu, ya san akwai kuɗi a hannun matasa a watannin da kakanninsu ke tafiya ci-rani.

Sai mutum ya zaci inda kuɗi ke zagayawa haka, kiɗa ma ba zai yanke ba. Amma je gidan biki a Kura ko Ƙarfi ko Panshekara ka gani. Yaro ne guda da kwamfuta ko waya, da lasifika biyu masu tsayin mutum, ana ce masa DJ. Makaɗan suna nan, ba su ƙare ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai tara su a wuri ɗaya, a rana ɗaya, kowane mako, ya kuma fita da riba.

Wannan mutumin shi ne mai haɗa wasa. Ba ya kiɗa, ba ya waƙa, ba shi da rawani irin na Sarkin Makaɗa. Sau da yawa ma da wata sana'ar aka san shi: mai ba da hayar kujeru da rumfa, ko mai gidan kallon ƙwallo, ko tsohon DJ da ya gaji da rigimar gidan biki.

Masu cewa daren kiɗa na mako-mako baƙon abu ne a ƙasar Hausa sun manta da dandali. A ƙauyukanmu, daren kasuwa daren wasa ne. Mai kalangu ya kafa, 'yan mata su yi da'ira, samari su tsaya gefe suna ba da kyauta, Sarkin Samari yana lura da tsari. Akwai kuma ajo, inda makaɗi ko wani mai buƙata zai sa rana, ya raba goron gayyata, a taru a yi masa kara. Duk ƙa'idojin sana'ar suna cikin waɗannan biyun: tsayayyen wuri, sananniyar rana, da wanda za a kama in an yi ɓarna.

Aikin farko, kafin a taɓa ganga, neman izini ne. Mai haɗa wasa zai fara da mai unguwa, ya durƙusa gaban dagaci da "ranka ya daɗe", ya sanar da 'yan sanda da 'yan sintiri. A Kano akwai ƙarin ƙofofi. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, an kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, sannan Hukumar Hisba ta samu dokarta a 2003, kuma dukansu suna da ta cewa a kan taron kiɗa. Ko a 2025 hukumar tace fina-finan ta hana bikin da ake kira Ƙauyawa. Saboda haka wanda ya iya sana'ar ba ya jira a zo a tashe shi. Yana ware wa mata wurin zamansu, ya haska filin sosai, ya tsayar da kiɗa in an kira salla, ya tashi tun dare bai raba ba. Wasu ma sun fi son tsakanin la'asar da magariba. Manomin da zai yi sammakon ban-ruwa ba ya buƙatar a roƙe shi ya tafi gida.

Daga nan sai kaya. A nan Kumbotso ke shigowa, don ita ce mahaɗar birni da gonakin. A unguwanni irin su Sheka da Chiranci da Panshekara ake samun masu hayar lasifika da amfilifaya da makirfo da janareto, a loda a a-kori-kura, a haye gadar Tamburawa a nufi kudu. Ba a dogara da wutar lantarki ko da wasa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, abin da janareto ke sha ya zama kashi mafi nauyi a lissafin dare guda, har wasu suka koma batir da sola.

Sanya wa DJ sauti abu ne mai sauƙi, waya ɗaya ce. Sanya wa makaɗa biyar sauti kuwa ilimi ne. Kalangu yana da kaifi, in aka matso masa da makirfo sai ya danne muryar mawaƙi. Kukuma da gurmi muryarsu siririya ce, in ba a ɗaga su ba sai ka ga hannu na motsi ba ka jin komai. 'Yan amshi uku kan makirfo ɗaya, na tsakiya ne kaɗai ake ji. Ga kuma yanayi: kusa da magudanar ruwa raɓa na sauka da wuri, fatar ganga ta saki, sai an kai ta bakin wuta ta ɗame. Yaron da ke zaune gaban miksa, wanda ba wanda ke yi wa liƙi, shi ne ke riƙe da mutuncin daren.

Amma babbar wahalar tana wajen makaɗan kansu, kuma tana da tarihi. Daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, waƙar fim ta koma aikin mutum biyu: mai rerawa da mai danna fiyano. A cikin akwatin nan akwai ganga, akwai sarewa, akwai abin da ya yi kama da kalangu. An samu waƙoƙi masu daɗi ta wannan hanya, ba mai musu. Sai dai an tashi da tsarar mawaƙan da yawancinsu ba su taɓa rera waƙa da makaɗi a bayansu ba. In an gayyace su wasa, sai a saki waƙar da aka naɗa, su riƙe makirfo suna bin ta da baki. A ɗaya gefen kuma ga dattijon da ya gaji kalangu, wanda ya san taken mahauta da na manoma da na kowane gida a garin, amma bai taɓa bin awon na'ura ba. Shi bakin mawaƙi yake bi. In mawaƙi ya ja, ya ja. In ya tsaya yin kirari, ya sassauta ya jira shi. Haka Mamman Shata ya yi da makaɗansa har ya rasu a 1999, kuma shi ya sa in ka ji waƙarsa guda a wurare biyu, ba za ta zo iri ɗaya ba.

Haɗa matashin mawaƙi da dattijon makaɗi ba ya yiwuwa a ranar wasa. Sai an yi gwaji, sau da yawa, a wani zaure ko shago. Saurayi ya koyi cewa "Baba, a ɗan rage gudu" ba tare da ya ɓata wa dattijo rai ba, dattijon kuma ya yarda cewa ɗan cikinsa zai ba shi alamar shiga. Gwaji kuwa ba ya kawo ko sisi. Mai haɗa wasa ne zai biya kuɗin mota da na abinci. A ganina nan ne ake gane ɗan sana'a da ɗan taya ɓera ɓari: wanda ba zai kashe kuɗi a kan gwaji ba, wasansa ba ya kai mako na huɗu.

Sai maganar kuɗin shiga. Kiɗan Hausa a kan kyauta ya ginu. Sanƙira ya hango mai hali, ya kwarzanta shi, mawaƙi ya saka sunansa a waƙa, shi kuma ya taso ya yi liƙi. A biki wannan ya wadatar, don akwai ango da abokansa. A daren mako-mako kuwa yana da illa biyu. Ta farko, ba a iya lissafi da shi. Makon da tumatir ya yi tsada a cika jaka, makon da kasuwa ta faɗi a tashi hannu rabbana; waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin Kadawa, sun san yadda garin ke yin tsit. Ta biyu, liƙi yana mayar da daren mallakar mutum uku ko huɗu. Ana tsakiyar waƙa sai a yanke a koma jero sunayen dillalai, sauran jama'a su zama 'yan kallo. Ga shi kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta watsa takardun naira, hukumar EFCC na kama mutane a kai, shi ya sa yanzu ake ajiye faranti ko a karanto lambar asusu.

Kuɗin ƙofa, ko da kaɗan ne, shi ne ke ba da damar yi wa makaɗi alkawarin abin da zai tafi da shi gida. Mutanenmu sun saba biya a gidan dambe da gidan kallon ƙwallo, don haka ba sabon abu ba ne. Ana cike giɓin da kuɗin masu shayi da masu tsire da ke kafa teburi a bakin fili, da ɗan tallafin masu injin casar shinkafa da masu sayar da taki, waɗanda ke son a ambaci hajarsu gaban manoma. Kuɗin ɗan siyasa ya fi kowanne auki, amma ranar da aka karɓe shi rabin garin ya daina zuwa.

Don a ga cewa abin yana yiwuwa, sai a duba maƙwabta. A Yamai, ƙungiyar Tal National ta yi suna da wasa dare biyar a mako, sa'o'i biyar a jere, da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci, har takan rabu biyu ta yi wasa a wurare biyu a dare guda. Nijar ta yi wa hakan shimfiɗa: gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 ta sa garuruwa irin su Damagaram da Maraɗi da Dogon Dutsi sun riƙe ƙungiyoyin makaɗansu. A nan gida, Bala Miller ya riƙe dandalin Costain a Kaduna da ƙungiyarsa, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya shirya wasanni a British Council ta Kano inda Barmani Choge ta hau dandamali da ƙwaryarta. Sai dai waɗannan na birni ne.

Abin da ya fi tsorata iyaye a Kano shi ne kada a buɗe musu gidan gala a bayan gida, kuma tsoronsu yana da dalili. Mai haɗa wasa ba ya kawar da shi da jayayya, sai da abin da ido zai gani: fili a buɗe, fitila ko'ina, ba kayan maye, dattawa a sahun gaba. Ga masu filin shanyar shinkafa a Kura da Bunkure, wanda ke zama fayau da yamma, da masu kayan sauti na Kumbotso da kayansu ke kwana a shago daga Litinin zuwa Alhamis: ku zauna ku tsayar da rana ɗaya a mako, ku nemo mai kalangu da mai kukuma tun suna da ƙarfin koya wa yara, ku biya su kuɗin gwaji.