Kalmar "Yana" da Haƙiƙanin Abin da ke Faruwa a Madubin Ido

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na kiran fatar da ke kwanciya a saman madara ko kunu "yana", kuma da ita ya raɗa wa cutar da ke dusashe gani suna. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa hoton da kalmar ke bayarwa ya saɓa wa abin da kimiyya ta gano.

2.0 Daidaiton Gishiri a Madubin Ido

Madubin ido wata 'yar aba ce garai-garai da ke bayan baƙin ido. Tsabtarsa ta dogara ne kan daidaiton sinadaran gishiri, wato fotasiyam mai yawa a cikin ƙwayoyinsa, sodiyam da kalsiyam kuwa kaɗan. Wani furotin mai aikin famfo ne ke tsare wannan ma'auni, yana fitar da sodiyam 3 yana shigar da fotasiyam 2 a kowane zagaye.

Sai dai iskar oksijin, wadda ke sa ƙarfe tsatsa, tana haifar da sinadarai masu cin furotin. Zafin hasken rana da shan taba da ciwon sukari na ƙara yawansu, alhali sinadarin gulutatayon mai kare madubin yana raguwa da tsufa. Da zarar famfon ya raunana, sai sodiyam ya taru, ruwa ya bi shi, ƙwayoyin su kumbura. Kalsiyam kuma ya ta da sinadarin kalfen, mai daddatsa furotin ɗin kiristalin har ya dunƙule ya tare haske. Ke nan gurɓacewar daga ciki take tasowa.

3.0 Tasirin Suna

Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce ta haddasa kashi 43 cikin 100 na makanta tsakanin 'yan shekara 40 zuwa sama. Wanda ya ɗauka fata ce a saman ido yakan nemi kwalli ko tsimi don wanke ta, har lokaci ya ƙure. A wurare irin su Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, cire madubin ake yi a dasa na roba.

4.0 Kammalawa

Kalmar "yana" ta riga ta zauna, ba ta canzuwa. Abin da ya rage ga masu ƙamus da fassarar bayanan lafiya shi ne su riƙa bayyana ta da "gurɓacewar madubin ido", domin majinyaci ya gane dalilin yin tiyata.