Masu Ƙera Wa Tsofaffin Jiragen Wasa Kayan Gyara

A shekarar 1947 kamfanin Lionel na Amurka ya fito da wani ɗan tarago na jirgin ƙasan wasa, mai dakon madara. Idan jirgin ya tsaya a tasha aka danna maɓalli, sai ƙofa ta buɗe, wani ɗan mutum-mutumi ya turo gwangwanayen madara ɗaya bayan ɗaya kan dandamali. Yara sun so shi matuƙa. To amma gwangwanin bai kai kan ɗan yatsa ba, kuma abin da ya shiga hannun yaro kowa ya san makomarsa. Yau taragon yana nan a gidaje da yawa, gwangwanayen kuwa sun bi shara tun tuni.

Wannan giɓin ne ya haifar da wata 'yar sana'a a Amurka da Ingila da Jamus: ƙera kwafin ƙananan kayan da suka ɓace ko suka lalace, na sigina da fitilun tasha da ƙofofin mahaɗar hanya da ƙafafun tarago. Masana'antun da suka yi na asali sun daina yin da yawa daga cikinsu. Kamfanin Meccano na Libaful, wanda ya soma jiragen Hornby Dublo a 1938, ya koma hannun wasu a 1964. Wa za ka tambaya?

Ɓata ma da sauƙi. Babbar masifar ita ce cutar tutiya. Da yawa daga cikin kayan nan da gaurayen tutiya da alminiyom aka zuba su, kuma a shekarun 1930 zuwa 1950 ba kullum ake samun tutiya tsantsa ba. Da zarar ɗan ɓurɓushin dalma ya shiga ciki, ƙarfen zai yi ta ruɓewa daga ciki shekara da shekaru, danshi yana ƙara masa gudu. Sai ya kumbura, ya tsattsage, wata rana a taɓa shi ya marmashe. Ba fenti ko mai da ke tsayar da shi. Kayan Lionel da na Märklin na Jamus da na Hornby duk sun ɗanɗana.

Hanyar gyara ta farko ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyom a kasuwanninmu. Su suna danna tsohuwar tukunya cikin yashi su fitar da siffarta. Masu kwafin kayan jiragen kuma robar silikon suke kwarara wa abin asali, ta daskare, su zare shi, sannan su zuba narkakken ƙarfe mai yawan kuza, ko wani ruwan roba da ke sandarewa. A nan gwaninta take. Ƙarfe yana ɗan tsukewa idan ya huce, don haka kwafi yakan gaza na asali kaɗan, kwafin kwafi kuma ya ƙara gazawa. A layin da faɗinsa milimita 16.5 ne kacal, kuskuren da ido bai gani ba ya isa ya kayar da jirgi. Idan kuwa samfurin da aka ɗauka ya riga ya kumbura da cutar tutiya, to an kwafi cutar da siffarta ke nan.

Shi ya sa da yawa suka koma ga kwamfuta: a auna abin ta kowace fuska, a zana shi, a gyara inda ya karkace, firintar 3D ta gina shi shimfiɗa kan shimfiɗa.

Ina girmama masu wannan aiki, domin abin da aka yi don ya motsa bai kamata ya mutu a cikin kwali ba. Abu ɗaya ne ke damuna. Kwafin da ya yi kyau sosai, aka shafa masa fenti ya yi kamar tsoho, yana iya shiga kasuwa a matsayin na asali, a sayar wa wanda bai sani ba da tsada. Daga nan gyara ya zama jabu. Wasu masu ƙirar suna buga 'yar alama a ƙarƙashin kowane abu da suka yi, inda ba ta ɓata kyan gani. Ya kamata duk mai wannan sana'a ya yi haka, mai saye kuma ya juya abin ya duba ƙarƙashinsa kafin ya biya.