Ziyarar yini guda a tsibirin Bubon: a tambayi kogi kafin a sa rana

Akwai mutanen Yamai da yawa da suka shekara goma ko ashirin suna ƙetare gadar Kennedy safe da yamma, amma ba su taɓa sa ƙafa cikin kwale-kwale ba. Kogin Isa a gare su abin hange ne ta tagar taksi. Alhali kuwa kilomita kamar 25 kacal daga babban birnin, ta wajen hanyar Tilaberi, akwai garin Bubon da tsibirinsa, inda magidanci zai iya kwasar iyalinsa da safe, su sha iska, su ci kifi, su dawo gida kafin a kira magariba.

Bubon na cikin ƙaramar hukumar Karma ne, gundumar Kollo, a jihar Tilaberi, kuma tsibirin na fuskantar garin, sai an yi fito ake kai masa. Zabarmawa na kiran tsibiri da sunan gungu, kalmar da mu ma muke da ita a Hausa, domin kuwa daga gare ta aka sami sunan Gungawan ƙasar Yawuri. A shekarun baya masaukin baƙin da aka gina a tsibirin ya yi suna ƙwarai wajen Turawa mazauna Yamai, waɗanda kan cika wurin ranakun Asabar da Lahadi. Sai dai tun bayan harin Kure na ranar 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, ƙafar waɗannan baƙi ta ɗauke daga kewayen birnin, abin ya ƙara tsananta bayan juyin mulkin 2023. Ke nan yau idan masu fito da mata masu ginin tukwane na Bubon za su ga kuɗin ɗan yawon buɗe ido, to daga aljihunmu ne, mu ƴan ƙasa.

To amma tafiyar ba a yin ta da ka. Abu na farko da mai niyya zai duba shi ne watan da ake ciki, saboda kogin nan cika biyu yake yi a shekara, abin da da yawa daga cikinmu ba mu lura da shi ba. Cikar farko ta damina ce, a watannin Agusta da Satumba, lokacin da rafukan Sirba da Dargol da Goruwol ke kwararo ruwan sama daga wajen Burkina Faso. Ruwa ne ja wur, mai laka, mai gaggawa, yana tafe da itace da tarkace. Shi ne a watan Satumba na 2020 ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali daga 620 ake shelar babban haɗari, ya fasa shingen kariya ya shiga unguwannin hayin kogi. Duk wanda ya ce zai kai yara tsibiri a irin wannan lokaci, mu dai ba mu ba shi shawara ba.

Cika ta biyu kuwa baƙuwa ce. Ruwan saman da ya zuba a tsaunukan Gine ne ke gangarowa, ya bazu a fadamun tsakiyar Mali ya yi watanni yana jan ƙafa, ya sauke lakarsa a can, sannan ya iso mana cikin sanyi, ya kai ƙololuwa wajen Janairu zuwa Fabrairu. Abin mamaki ne a ce babu ko ɗigon ruwan sama tun Oktoba, ga hazo ya rufe gari, amma kogi na ta ƙaruwa. Wannan ruwa ya fi na damina natsuwa da tsabta, kwale-kwale na tafiya a kansa ba tare da ya dafe yashi ba. Saboda haka a ganinmu daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin zuwa Bubon, musamman hutun ƴan makaranta na ƙarshen Disamba. Daga Afrilu kuma rana ta haura digiri 40, ruwa na ja da baya, zuwa Mayu da Yuni sai tudun yashi ko'ina. Dattawan bakin kogi ba su manta da 1985 ba, shekarar da ruwan ya tsaya cik a Yamai, aka riƙa ƙetarewa da ƙafa.

Bayan wata, sai rana. Kasuwar Bubon ranar Laraba take ci, kuma a nan ne shawara ke rabuwa biyu. Mai son ganin garin a cike, jirage na sauke buhuna da dabbobi da mutanen ƙauyukan hayi, ga kifi, ga tabarmi, ga tukwane jere a ƙasa, to Laraba ce ranarsa, kuma a ranar ne motar haya ta fi sauƙin samu, zuwa da dawowa. Amma a sani ranar kasuwa ce ranar da ake loda wa jirgi fiye da ƙima, kuma hankalin mai fito na kan fasinjan kasuwa. Mai neman hutu da shiru, da tsofaffi ko ƙananan yara a tare da shi, gara ya zaɓi Asabar ko Lahadi, ya tanadi motar da za ta jira shi. Mu da za a tambaye mu, Laraba za mu ce, ko da sau ɗaya, domin wanda ya je Bubon bai ga kasuwarta ba ya bar rabin abin kallo.

Batun tsaro ba abin da za a yi wa kara ba ne. Jihar Tilaberi ta daɗe cikin matsalar ƴan bindiga, tun 2017 aka fara kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassanta, a farkon 2020 kuma aka hana zirga-zirgar babura a yankuna da dama. Bubon na dab da Yamai, amma labarin makon jiya ba ya isar mai tafiya yau. A kira wani ɗan garin ko direban da ke bin hanyar kullum a daren da za a tashi, a sake kira da asuba. Kowane baligi ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa saboda shingayen jami'an tsaro, kada a ɗaga salula ana ɗaukar hoto kusa da su. Idan aka ce hanya ba daɗi, a haƙura, tsibiri ba ya gudu.

Da an isa bakin ruwa, a fara da gaisuwa. Harshen garin Zabarmanci ne, “fofo” ɗaya tak na buɗe fuska, kodayake a kasuwa ba a rasa mai jin Hausa. A yi cinikin fito tun ana tudu, a fayyace ko kuɗin na zuwa da dawowa ne, ko har da kewaya tsibirin, da kuma ƙarfe nawa za a zo ɗauka. Rabin kuɗi a hannu, rabi bayan an dawo, ba wanda zai ji an cuce shi. A leƙa cikin jirgin: idan ruwa na tsattsafowa har yaro na ta kwarfewa ba hutawa, a nemi wani. Mai halin sayen rigar hana nutsewa ya saya wa yaransa tun daga Yamai.

Sai maganar dorina, wadda Zabarmawa ke kira banga, kuma ita ce yawancin baƙi ke ɗokin gani. Ana samun su a wannan yanki na kogin, kuma daga nesa sai ka ce duwatsu ne masu kunnuwa. Namiji kan kai tan ɗaya da rabi har ya wuce, tana iya nutsewa minti biyar ba ta ɓullo ba, mai ɗa kuwa ba ta da wasa ko kaɗan. A watan Nuwamba na 2014, kusa da Libore a gangaren Yamai, dorina ta kifar da kwale-kwale, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu ƴan makaranta ne. A 2017 kuma mutanen yankin Ayoru, da ɓarnar gonaki ta ishe su, sun kashe aƙalla 27, duk da cewa doka ta hana, a shekarar ce gwamnati ta keɓe wa dabbobin wurin zama na musamman a can sama. Abin da ke ba mu haushi shi ne baƙon da zai ƙara wa mai fito jika guda wai a matsa kusa don hoto ya fito da kyau. Talaka ne, zai iya karɓa, amma ransa da na duk wanda ke cikin jirgin aka saya da arha. Inda ya ce a tsaya, a tsaya. Kuma da yake da faɗuwar rana dorina ke fitowa tudu kiwo, wannan kaɗai ya isa dalilin barin tsibiri da la'asar sakaliya.

Guzuri a taho da shi daga gida: ruwan sha mai yawa, tabarma, buta, abincin rana, da ƴan canji, domin takardar jika goma ba ta da farin jini a ƙauye. Kifi dai a saya a can hannun masunta, giwan ruwa in an dace, ko karfasa da tarwaɗa. Yara za su nace sai sun yi wanka. Ruwan gefe mai kwanciya da ciyawa shi ne matattarar tsargiya, a lallashe su. Ledar da aka zo da ita a koma da ita, awakin mutane ke haɗiye ta.

Kafin a kama hanya a biya wajen mata masu tukwane, don da su aka san Bubon tun kafin a san masaukin baƙi. Da hannu suke gini, ba na'ura, su gasa a fili, su yi wa tulu da randa zane da farar ƙasa da ja, irin wanda ko a kasuwannin Yamai aka gan shi an san daga inda ya fito. Roba da tukunyar dalma sun ci musu kasuwa ba kaɗan ba, amma har gobe babu robar da ke sanyaya ruwa kamar randa ranar da aka ɗauke wuta a watan Afrilu. A taya, ciniki al'ada ce, sai dai a tuna aikin kwanaki ne tun daga haƙo yumɓu har gashi. A ƙwanƙwasa tulu da yatsa: mai lafiya ƙara yake yi garau, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. A naɗe shi da tsumma ko a cusa shi cikin buhu da ciyawa, a riƙe a cinya, kada a yarda yaron mota ya ɗora shi bisa kaya, saboda gargadar da ke tsakanin gari da kwalta. In an iso gida a cika shi da ruwa ya kwana, a zubar, a sake cikawa, sannan a fara sha.