Kafin Kuɗin Ɗan Ci-rani Su Iso Zurmi

Magini a Sabha ta Libiya, ko mai aikatau a Jidda, idan zai aiko wa mahaifiyarsa kuɗin cefane a Zurmi, ba kasafai yake nufar banki ba. Da yawansu ba su da takardar zama, wato igama, banki kuwa ba ya sauraron wanda ba shi da igama. Sai mutum ya je shagon wani ɗan gida, ya ƙirga masa dinari ko riyal a hannu, shi kuma ya kira abokin hulɗarsa a kasuwar Wapa ta Kano a tura naira. Babu rasit, amana ce kawai.

Daga nan ake fara yanka. Mai shagon zai rantse bai cire ko kwabo ba, amma farashin canjin da ya bayar bai kai na kasuwa ba, la'adarsa tana cikin wannan giɓi. Masu takarda da ke bi ta kamfanonin aika kuɗi ma ba su tsira ba. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa aika dala 200 zuwa Afirka kudu da Sahara yana cin kusan kashi 8 cikin 100, mafi tsada a duniya, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 nan da 2030.

Saƙo ya shigo waya, saura a riƙe kuɗi a hannu. Tsohuwa ta aiki jikanta wurin mai POS, shi ma mai POS ya cire nasa. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, an ga inda ake cire N1,000 ko fiye a kan N10,000. A watan Satumba na 2021 kuwa, da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, sai an yi tattaki zuwa wata jiha kafin a san ko an turo. Kuɗin mota ma a jikin saƙon ya fita.

Ban ɗora wa mai POS laifin duka ba. Shi ne ke ɗauko tsabar kuɗi daga Kaura Namoda ko Gusau ta hanyar da kowa ya san haɗarinta, ya sayi fetur ɗin janareta, banki ma ya yanki nasa. Abin da ke ci min rai shi ne, wanda ya fi kowa rauni shi ya fi biya. Ranar da 'yan bindiga suka ɗauke wani a gida, ɗan'uwan da ke waje ake fara kira a tsakar dare: "Yaya, sun ba mu zuwa Juma'a." Wanda aka yi wa wannan kira ba ya tsayawa ciniki. Duk farashin da ɗan canji ya faɗa, "na yarda" zai ce.